Ɓeraye Sun Warke, Mu Fa? Tarihin Neman Maganin Raunin Ƙwaƙwalwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba. Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin ɓeraye ne da ƙwan kaza da dafin maciji, da wasu mutane da suka ƙare rayuwarsu a kan tambaya guda: idan ƙwaƙwalwa ta bugu, ana iya gyara ta?

Bari in fara da abin da ya jefa ni cikin wannan karatu. Shekara biyu da suka wuce wani abokina, wanda muka yi jami'a tare, ya faɗi a kan mashin da daddare, ba hular kwano. Ya yi kwana tara bai san inda kansa yake ba. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hannunsa na dama ya ƙi aiki sosai, kuma abin da ka faɗa masa da safe kafin azahar ya manta. Rannan na je gaishe shi, sai na tarar da mahaifiyarsa tana dama masa wani gari daga 'yar leda mai ƙyalƙyali. Na ce, "Mama, wannan fa?" Ta ce, "Sitem sel ne, ɗana. An ce yana haifar da sababbin jijiyoyi a ka." Da ta faɗa mini kuɗin da ta biya, wallahi sai da na nemi kujera. Awakinta biyu ta sayar. Ban iya ce mata komai ba a ranar, domin ni kaina ban san gaskiyar lamarin ba. Sai na koma na yi ta karatu, kuma abin da na samo ne nake so mu raba yau.

Da farko mu fahimci abin da ke faruwa in kai ya bugu. Rauni biyu ne. Na farko shi ne na nan take: ƙwaƙwalwa ta girgiza ta daki ƙoƙon kai, ƙananan jijiyoyin jini su fashe, zaruruwan da ƙwayoyin jijiya ke aika saƙo da su su tsinke. Na biyu kuwa yana biyo baya cikin awanni da kwanaki. Ƙwayoyin da suka ji ciwo suna zubar da wani sinadari mai suna gulutamet fiye da kima, shi kuma ya yi ta zaburar da maƙwabtansu har su mutu. Ƙwaƙwalwa ta kumbura, ga ƙoƙon kai a rufe ba wurin buɗawa, sai matsi ya hana jini shiga. Masu bincike sun daɗe da buri biyu: su tare wannan rauni na biyu, sannan su maye gurbin abin da ya riga ya mutu.

Burin na biyu ya daɗe ana yi masa kallon mafarki, kuma babban dalili shi ne wani likita ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal. Shi ne ya nuna wa duniya cewa ƙwaƙwalwa ƙwayoyi ne ɗaiɗaiku masu miƙa wa juna saƙo, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1906. Bayan ya shafe shekaru yana duba jijiyoyin dabbobin da aka yi wa rauni, ya kammala da cewa a ƙwaƙwalwar baligi hanyoyin jijiya sun riga sun kafu, abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya bar ƙofa a buɗe cewa ƙila na baya su sauya hukuncin, amma ɗalibai sun riƙe rabin farko na maganarsa suka yar da sauran. Shekaru kusan hamsin haka ake koyarwa.

Duk da haka akwai masu taurin kai. Tun 1890 wani likita a New York, Gilman Thompson, ya yanko ɗan yanki na ƙwaƙwalwar kyanwa ya dasa a kan kare. Ƙwayoyin jijiyar ba su rayu ba. A 1917 wata mata a Chicago, Elizabeth Dunn, ta gwada da jariran ɓeraye, kuma a 'yan kaɗan daga cikinsu dashen ya rayu. A 1940 Le Gros Clark a Ingila ya dasa naman ƙwaƙwalwar ɗan tayin zomo a kan ƙaramin zomo, ya kama. Darasin da ya fito fili shi ne, nama ɗanye, na tayi ko na jariri, shi ke jure dashe. Kamar irin tumatir ne, tun yana ƙarami ake cire shi daga bedi. Sai dai ba wanda ya san me ke sa ƙwayar jijiya ta rayu ko ta mutu.

A nan ne wata baiwar Allah ta shigo, kuma ina so 'yan matan da ke bin wannan shafi su kasa kunne. Sunanta Rita Levi-Montalcini, an haife ta a Turin ta ƙasar Italiya a 1909. Mahaifinta bai ga amfanin mace ta je jami'a ba, sai da ta kai shekara ashirin ta shawo kansa. Ta gama karatun likita a 1936. Shekara biyu bayan haka gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariya da suka kori Yahudawa daga aikin jami'a, ita kuma Bayahudiya ce. Me ta yi? Ta mai da ɗakin barcinta ɗakin gwaje-gwaje. Ta wasa allurar ɗinki ta zama wuƙar fiɗa, ta samo madubin duba ƙananan halittu, ta riƙa fasa ƙwan kaza tana nazarin yadda jijiyoyi ke girma a jikin ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Da bama-bamai suka yi yawa a Turin, iyalin suka koma ƙauye, ta riƙa hawa keke gona-gona tana neman ƙwai. In ta gama gwaji, sauran ƙwan a soya a ci, domin lokacin yaƙi ne.

Abin da ta gani shi ne, in aka cire tsiron ƙafa ko fiffike daga ɗan tayin, ƙwayoyin jijiyar da ya kamata su je wurin sukan fito lafiya lau, su girma, daga baya su mutu. Wato kamar akwai wani abinci da suke samu daga gaɓar da suka nufa, in babu shi yunwa ta kashe su. Wani farfesa a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Viktor Hamburger, ya karanta aikinta ya gayyace ta. Ta tafi a 1947 da niyyar 'yan watanni, ta yi shekara talatin. A can suka ga cewa in aka dasa ƙarin ciwon dajin ɓera a jikin ɗan tayin kaza, jijiyoyi sukan yi ta tsiro kamar ciyawa bayan ruwan farko. A 1952 ta ɗauki ɓeraye biyu masu wannan ƙari ta tafi da su Rio de Janeiro a Burazil, inda wata ƙawarta ta ƙware wajen rainon nama a faranti. Ta ajiye ɗan dunƙulen jijiya kusa da ɗan yankin ƙarin, ba tare da sun taɓa juna ba. Cikin awanni zaruruwa suka fito suka kewaye dunƙulen kamar hasken rana. Ashe ƙarin wani abu yake fitarwa a ruwan farantin.

Wani matashin masanin sinadarai, Stanley Cohen, ya shigo don a gano ko mene ne. Ya zuba dafin maciji a samfurin don ya narkar da wasu sinadaran da yake son cirewa, sai jijiyoyin suka ƙara tsiro fiye da da. Ashe dafin kansa cike yake da abin da ake nema! Da yake dafi daga irin maƙwararar yawu yake fitowa, sai ya duba ta namijin ɓera, ya same shi jingim. Furotin ne, suka sa masa suna NGF, ma'ana sinadarin rainon jijiya. Su biyun suka raba Nobel a 1986. Rita ta rasu a 2012 tana da shekara 103, kuma gidauniyar da ta kafa ta ɗauki nauyin karatun 'yan mata da yawa a Afirka.

Daga nan ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. A 1982 Yves-Alain Barde da Hans Thoenen a Jamus suka niƙa ƙwaƙwalwar aladu mai ɗimbin yawa suka tace ɗan mitsitsin wani sinadari ɗan'uwan NGF, wanda ake kira BDNF. A Suwidin, Anders Björklund da abokan aikinsa suka nuna a 1979 cewa ƙwayoyin tayi da aka dasa wa ɓeraye masu irin cutar karkarwa ta Parkinson suna rayuwa har su rage alamun cutar. A Kanada, Albert Aguayo ya yanko jijiyar ƙafar ɓera ya yi gada da ita a laka, a farkon shekarun 1980, sai ga zaruruwan da aka ce ba sa tsiro sun bi gadar sun yi nisa. Wannan ya nuna cewa ƙwayar tana da ikon sake tsiro, muhallin ƙwaƙwalwa ne ke danne ta. Akwai kuma Joseph Altman, wanda tun shekarun 1960 ya ga ana haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya a kan baligin ɓera, aka yi watsi da shi kusan shekara talatin. Sai a 1992 Brent Reynolds da Samuel Weiss a Calgary suka ciro ƙwayoyin tushe, waɗanda ake ce wa sitem sel, daga ƙwaƙwalwar baligin ɓera, suka raine su da EGF, wani sinadarin girma da Cohen ɗin nan ne dai ya gano shi. A 1998 aka samu shaidar irin wannan haihuwa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

To yanzu ga kayan aiki biyu a hannu, ƙwayoyin dashe da sinadaran girma. Saura a gwada su a kan bugun kai. Yaya ake yi wa ɓera raunin da za a iya aunawa? A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a Amurka, irin su Edward Dixon da Tracy McIntosh, suka daidaita hanyoyi. Ana sa wa ɓera maganin barci, a buɗe 'yar ƙofa a ƙoƙon kansa, sannan a harba ruwa da ƙarfin da aka auna, ko a sa wani ɗan ƙarfe ya daki ƙwaƙwalwar da saurin da aka tsara. Na san wasunku za su ji ba daɗi, ni ma na ji. Shi ya sa ake da kwamitocin da ke tilasta a rage yawan dabbobin da azabarsu. Bayan raunin sai jarrabawa. Akwai tafiya a kan siririn katako don auna ƙafafu. Akwai kuma wani baho na ruwa mai gurɓi da Richard Morris ya ƙirƙiro, wanda aka ɓoye ɗan dandamali a ƙarƙashin ruwansa. Lafiyayyen ɓera cikin 'yan kwanaki yake haddace wurin ya nufe shi kai tsaye, mai rauni kuwa sai ya yi ta kewaye.

A 1995 ɗakin binciken McIntosh a Jami'ar Pennsylvania ya riƙa ɗiga NGF kai tsaye cikin raunin ɓeraye ta wani ɗan famfo, sai suka fi 'yan'uwansu tuna inda dandamalin yake. Aka gwada wasu sinadaran girma, irin su FGF da IGF-1, su ma suka nuna alheri. Aka dasa naman tayi, aka dasa ƙwayoyin tushe na jijiya, har aka sauya wa wasu ƙwayoyi halitta don su riƙa fitar da NGF da kansu. Sannan a 2001 tawagar Michael Chopp da Asim Mahmood a Detroit suka zo da abin da ya fi ba da mamaki. Suka ɗebo ƙwayoyin ɓargo, suka yi wa ɓerayen da suka bugu allurarsu ta jijiyar wutsiya, ba tare da an taɓa kai ba, kuma ɓerayen suka fi saurin farfaɗowa.

Da farko an ɗauka ƙwayoyin ɓargon rikiɗa suke yi su zama ƙwayoyin jijiya. Da aka zurfafa bincike sai aka ga akasarinsu a huhu suke maƙalewa, kaɗan ne ke isa ƙwaƙwalwa, waɗanda suka isa ma ba su cika daɗewa ba. To ina amfanin ya fito? Daga abin da suke fitarwa: NGF, BDNF da danginsu, da sinadaran da ke lafar da kumburi da taimaka wa sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Kun ga inda labaran biyu suka haɗu. An aike su a matsayin bulon gini, ashe aikin masu jinya suke yi, su ciyar da waɗanda suka tsira har su miƙe. Abin da Rita ta hango a ɗakin barcinta shi ne dai ya dawo.

Yanzu tambayar da na san tana bakinku: in haka ne, me ya sa abokina bai samu wannan allura ba? A nan labarin yake ɗaci. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta wuce giram 2 ba, sumul take, tamu kuwa ta haura kilo ɗaya, ga lanƙwasa-lanƙwasa. Ɓerayen gwaji galibi matasa ne, maza, lafiyayyu, rauninsu iri ɗaya a wuri ɗaya, a ba su magani a kan lokaci. Mutum kuwa wani mota ce ta buge shi, wani daga bene ya faɗo, wani ga karaya ga zubar jini, kuma sai ya yi awanni kafin ya ga likita. Sannan akwai shingen da Allah ya yi tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda manyan furotin irin NGF ba sa iya ƙetarawa, don haka allurar hannu ba ta kai su. Da aka zuba NGF kai tsaye a ruwan ƙwaƙwalwar wasu masu cutar mantuwa su uku a Suwidin, ciwon baya da rama suka sa aka dakata.

Manyan gwaje-gwaje a kan mutane ma sun sha ba da kunya. Shekara da shekaru likitoci suna ba masu bugun kai maganin siteroyid don rage kumburi. A 2004 wani gwaji mai suna CRASH, da mutum sama da 10,000, ya nuna cewa waɗanda aka ba maganin sun fi mutuwa. Sinadarin purojestaron ya yi abin a zo a gani a ɓeraye, amma a 2014 manyan gwaje-gwaje biyu suka nuna bai amfani mutane ba. A 2015 aka gwada EPO, sinadarin girma mai ƙara jini, a kan mutum 606, bai kyautata farfaɗowar ƙwaƙwalwarsu ba. Dashe kuma yana da nasa haɗarin. A 2009 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton wani yaro da aka kai Mosko aka yi masa allurar ƙwayoyin tayi saboda wata cutar gado, bayan 'yan shekaru ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka, kuma gwaji ya nuna daga ƙwayoyin da aka sa masa ne.

Ba wai babu haske ba ne. An yi wani gwaji da mutum 61 waɗanda suka shekara ko fiye da raunin kai da raunin gaɓoɓi. Aka yi wa 46 tiyata aka sa musu ƙwayoyin ɓargo da aka sarrafa, masu suna SB623, a gefen raunin, sauran 15 aka yi musu tiyatar kwaikwayo don a kwatanta. Bayan wata shida waɗanda aka sa wa ƙwayoyin sun fi samun motsi. A watan Yulin 2024 Japan ta amince da maganin, amma bisa sharaɗi da wa'adi, sai an kawo ƙarin hujja. Ku lissafa da kanku: daga karen Thompson a 1890 zuwa 2024 shekara 134 ke nan, kuma abin da aka samu shi ne ɗan ƙarin motsi a hannu ko ƙafa, ta hanyar huda ƙoƙon kai a ɗakin tiyata.

Ku ajiye wannan a gefe guda, ku ajiye ledar Mama a ɗaya gefen. Da na karanta bayan ledar, 'ya'yan itatuwa aka lissafa. Ƙwayar tsiro ba ta zama jijiyar mutum. Ko da ma ƙwayar mutum ce mai rai, in ka busar da ita ta mutu, in ka haɗiye ta ciki zai narkar da ita kamar tsokar nama. Masu wannan kasuwa sun ari sunan binciken gaskiya suna cin kuɗin iyayenmu da shi. Na koma na zauna da Mama na yi mata bayani a hankali, ban ce an cuce ta ba, domin ƙauna ce ta sa ta saya. Muka karkatar da kuɗin wata-wata zuwa sashen gashi na asibiti. Yanzu yana iya riƙe cokali, yana rubuta abubuwan da zai yi a ɗan littafi don kada ya manta. Gashi da atisaye suna aiki ne domin ƙwayoyin da suka tsira suna iya ƙulla sababbin hanyoyi, kuma a ɓeraye an nuna motsa jiki yana ƙara BDNF a ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan fa. Nazarin da ya tattara bincike da yawa ya nuna hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin ɗari, na mutuwa da kusan kashi 42. Duk cikin magungunan da na lissafa yau babu wanda ya kusanci wannan. Amma ku tuna abin da muka yi a Janairun 2009, da aka fara tilasta dokar hular kwano a Najeriya: wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra, muka yi ta dariya. Ni ma na yi, ina yaro. Tun ranar da na kwana a barandar asibiti ban ƙara ganin abin dariya a ciki ba.

Don haka roƙona uku ne, kuma ƙanana ne. Ka sayi hular kwano ta gaske, ka ɗaure maɗaurinta, ko da layi biyu za ka je. In wani ya bugu a ka yana amai, ko barci na rinjayarsa, ko yana sambatu, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kuma a kula da wuyansa wajen ɗauka. Sannan in 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, mu tambaye su a gaban jama'a: motar ɗaukar marasa lafiya nawa ke aiki a ƙaramar hukumarmu, kuma ina ne mafi kusa da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa take aiki da daddare? Ga ƙannenmu masu karatun kimiyya kuma, Rita da allurar ɗinki ta fara.

Wanda yake da ɗan'uwa mai irin wannan lalura, ya rubuto mana yadda suke fama, za mu karanta wasu a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba. Ku tura wa duk wanda kuka san ana tallata masa garin nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.